Hular da Iya Ba Ta Gama Ba

A cikin Birnin Zariya, can wajen Ƙofar Doka, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Komai aka koya mata, nan take ta ɗauke. Wannan ya sa ta ɗauka haka duniya take, abu ko ka iya shi tun farko, ko kuma ba naka ba ne.

Kakarta, Iya Asabe, gwanar ɗinkin hula ce. Akwai wani zane da ta koya wurin mahaifiyarta, duk unguwar babu mai yin irinsa. To amma idon Iya ya fara yana. Kullum sai ta ƙara matso da hular kusa da fuskarta.

Wata ranar Asabar ta kira jikar tata.

"Zo nan, 'yar nan. Zauna in koya miki zanen nan tun ina gani."

Yarinya ta zauna, ta karɓi allura da zare, tana ganin abin wasa ne. Ina! Layin farko ya karkace. Na biyu ya tattare yadin. Allura kuma ta soke ta a yatsa. Yayanta Umair ya leƙo, ya ce wannan ai sawun kaji ne, ya fita yana dariya.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ba ta saba a yi mata dariya ba. Ta ajiye yadin, ta miƙe.

"Iya, ni ba ni da hannun ɗinki. Allah bai ba ni ba."

Iya ta ce ta dawo su sake. Ta ƙi. Daga ranar, in Iya ta kira, sai ta ce tana da aikin makaranta. Wataran ta ce kanta ke ciwo. Wataran ma ta yi kamar ba ta ji ba. A hankali Iya ta daina kira.

Damina ta zo ta wuce. Wata rana da yarinya ta dawo daga makaranta, ta tarar da Iya zaune a tabarma, tana laluben butar da ke gabanta. Ta tambayi Umma abin da ya faru.

Umma ta ce idon ya rufe gaba ɗaya. Ta ce akwai hular Baba da Iya ta fara, ta tsaya a rabi. Wata mata daga unguwar Tukur-Tukur za ta zo ta kwashi zaren da alluran, tunda babu mai amfani da su a gidan.

"Zanen fa, Umma?"

"Zane ya tafi. Wa ya koya?"

Yarinya ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Iya ba ta ce mata komai ba, ko faɗa ba ta yi ba.

A makaranta ta zama shiru-shiru. Malama Huseina ta lura, ta tsayar da ita lokacin tara. Yarinya ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, ta ƙare da cewa ita dai ba ta iya ba.

Malama ta ce, "Sau nawa kika gwada?"

"Sau ɗaya."

"Ni na karɓe ki a aji ɗaya. Kina riƙe fensir kamar muciya. Da kin ce ba ki da hannun rubutu, yau da ina kike? Ba ki iya ba tukuna, shi ke nan. Je ki ki ba Iya haƙuri."

Ta koma gida ta durƙusa gaban Iya. Ta ce a yafe mata, kuma kada a ba da zaren. Iya ta ce ta yafe, amma ita ba ta gani, sai dai ta riƙa faɗa da baki, tana dubawa da yatsa.

Haka suka fara a kan tsohon yadi. Kai, ta sha wuya! Ta yi layi, Iya ta shafa, ta ce, "Warware." Ta sake, Iya ta ce, "Warware." Yatsunta suka yi ciwo. Akwai ranar da ta yi kuka tana ɗinkin, amma ba ta tashi ba. Sai da aka yi watanni kafin Iya ta yarda ta taɓa hular Baba.

Ranar da ta gama, ta sa hular a hannun Iya. Iya ta bi ɗinkin da yatsa a hankali. Ta zagaye, ta sake zagayewa.

Can ta ce, "Ina neman inda nawa ya ƙare naki ya fara. Na rasa."

Sai ta jawo jikarta ta rungume, suna dariya da hawaye. Ranar Juma'a Baba ya sa hularsa ya tafi masallaci.

Yara, ba a haifi kowa da iyawa ba. Kuskuren farko ba ya nufin abu ya fi ƙarfinku. Ku sake gwadawa, kuma ku koya tun masu koya muku suna nan.