Gishiri a Akwatunan Tana

Da hantsi wani tsoho ya shigo caji ofis ya ce an yi masa kisa. Sufeto har ya miƙe, sai ya ji ashe tana aka kashe, wadda tsohon ke kiwo yana sayar wa masu tafkin kifi. Kurata suka ƙunshe dariya. Sufeto bai yi ba, don shi ma ya san komawa gidan da ba mai cewa sannu da zuwa.

A bayan gidan tsohon akwatunan katako ne na tanar jere a inuwa, duk sun ɗauki wari. Tun rasuwar matarsa, tsohon ba shi da abokin hira sai su. Sufeto ya ɗanɗana ƙasar cikinsu a bakin harshe. Gishiri ne.

Maƙwabciya ta rantse ba ta taɓa leƙa wurin ba, alhali kowa ya san ƙorafinta kan ƙudaje. Da aka matsa, ta ce ta sha watso ruwan wanki ta katanga, amma jiya ta hango babur a ƙofar tsohon.

Babur ɗin na ɗan tsohon ne, makaniki, wanda ya ce rabonsa da gidan tun watan jiya.

Sufeto ya koma ya ƙura wa akwatunan ido. Kowanne an mayar masa da buhun da ake rufe shi da shi, a jiƙe, an naɗe gefe ɗaya don iska.

"Baba, wa ya iya rufewa haka?"

Tsohon ya ce, "Ni ne. Sai wanda na koya wa."

Da aka kawo makaniki, Sufeto ya ce, "Maƙiyi ba ya tsayawa jiƙa buhu. Hannunka ne ya yi abin da ya saba."

Makaniki ya sunkuyar da kai. Ya ce ya gyara wa mahaifinsa ɗaki a gidansa, ya yi ta roƙonsa ya koma can har ya gaji, kullum amsar ɗaya ce: wa zai ba tana abinci?

"Tsoro nake ji ka mutu a nan, Baba, sai wari ya sanar da mutane."

Tsohon ya roƙi a bar maganar. Sufeto ya ce sai an je ofis tukuna, ya sa makaniki a gaba. Abin ya tsaya wa Sufeto a rai.

A bakin ƙofa tsohon ya riƙo rigar Sufeto.

"Ɗakin da za ku sa shi, akwai wurin mutum biyu?"