Sallama Uku a Eriyar Achika

Bayan la'asar Nu'uman ya ɗaure kwamfutarsa a bayan mashin, ya bar Wudil ya nufi Achika. Injiniya ne a wani kamfanin waya, kuma aikin ranar bai fi na awa guda ba.

Ciwon eriyar Achika tsoho ne. Ka ga sabis a cike, ka danna kira, shiru kake ji. Waya tana jin eriya, eriya ce ba ta jin waya, kamar mai sallama a ƙofar kurma. Nu'uman ya fi kowa sanin zafin abin. Damina biyu da suka wuce, matarsa Barakatu ta je ganin gida a wani ƙauye bayan Achika, naƙuda ta taso, jini ya ɓalle. Sau goma sha ɗaya ta kira shi, ko ɗaya bai shigo ba. Sai bayan an binne ta ya gani a wayarta. Tun daga nan wayar take ƙasan akwatinsa, ba batir, shi kuma yake dafa shayi kofi ɗaya.

Gyaran da ya zo yi shi ne ya sa kowace waya ta riƙa maimaita sallamarta, ya kuma buɗe kunnen eriyar ta ji ko da mai raunin murya ce. Ya yi wa kansa alkawari ba za a sake yin wata Barakatu a Achika ba.

Malam Tasi'u, dattijon da ke gadin wurin, ya buɗe masa ƙofar shingen eriyar. Suka gaisa har da tambayar ruwa da yabanya, sannan dattijon ya ce zai shiga gari sallar magariba. Ya ɗan yi gaba, ya dawo, ya rage murya.

"Injiniya, in ka ji sallama bayan rana ta faɗi, kada ka amsa sai ka ga fuska. Kukar can da masu ita."

Nu'uman ya yi murmushi irin na ɗan boko, ya ce ya ji. Ai kuwa wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ya jona kwamfuta, ya yi gyaransa. Nan da nan wayoyin ƙauyuka suka fara shigowa a fuskar kwamfutar, layi bayan layi, kowace da nisanta a rubuce. Daɗi ya kama shi, ya waiga ya gaya wa wani, babu kowa. Sai dawa, sai kukan kwaɗi, sai warin dizal na janareta.

Can ƙasa wani layi ya bayyana. Rauninsa ya kai a ce jiya eriyar ba za ta ji shi ba. Ya karanta lambar, ya sake karantawa.

Ta Barakatu ce.

Nisa, kilomita huɗu, ta wajen ƙauyensu.

Layin ya ɓace, ya dawo. Kilomita biyu. Babu mashin ɗin da ke wannan gudu a kan burji.

Kwaɗi suka yi tsit.

Mita ɗari biyar.

Warin dizal ya gushe. Ƙamshin humra ya maye wurin, irin wadda takan shafa ranar Juma'a.

"Salamu alaikum."

Daga bakin ƙofa, a bayansa. Muryarta ce, har da 'yar dishewar nan ta mai ciki.

Ya san mamaci ba ya dawowa, ya sani sarai. Amma shekara biyu ba wanda ya yi masa sallama da wannan murya, kuma kewa ba ta jin karatu.

"Salamu alaikum."

Yanzu a cikin shinge.

Danna maɓalli ɗaya zai mai da eriyar kurma, abin ya rasa hanya. Ya ɗora yatsa. Idonsa ya faɗa kan layukan da ke sama, na matan Achika, wataƙila wata tana kan gwiwa a wannan magaribar. Ya janye yatsan.

"Salamu alaikum."

Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa. Hawaye suka zubo masa. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Wa alai..."

"Nu'uman," in ji muryar, a hankali.

Ya datse harshensa har ya ji gishirin jini. Shekara shida suna tare, Barakatu ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a faɗa. Malam take cewa, in tsokana ta motsa ta ce Injiniya.

Ya fizge kwamfutar, ya runtse ido, ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya bi ta cikin sanyin nan ya fita.

Mashin ya ƙi tashi. Ya sake bugawa. A na uku ya kama.

Kujerar bayan mashin ta yi nauyi, kamar an hau. Bai waiwaya ba. Sai da kiran sallar masallacin Achika ya doki kunnensa nauyin ya sauka.

Kwana bakwai ya yi yana zazzaɓi, Malam Tasi'u na aiko masa da rubutu. Da ya miƙe ya buɗe akwati, ya tarar da wayar inda ya bar ta, ba batir.

Yau kira na fita daga Achika ko daga tsakiyar gona. Watan jiya wata mai naƙuda ta kira sau ɗaya, mota ta zo, ta haihu lafiya a asibiti. Nu'uman bai taɓa komawa ya taɓa gyaran ba.

Sai dai kullum in rana ta faɗi wayarsa takan yi ƙara sau uku, sunan Barakatu a jiki. Ba ya ɗauka. Abokan aiki sun ce ya canza layi, ya ce zai duba. Da magariba ta gabato kuma sai ya sa wayar a caji, ya zauna kusa da ita da kofin shayinsa.