Kabewa a Ƙarƙashin Benci

"Ba zan ba shi ba, Mama!"

"Za ki ba shi. Da hannunki kuma."

Yaryna ta kalli kabewar da mahaifiyarta, Odarka, ta ajiye ƙarƙashin benci. A ƙauyensu na gefen Poltava, wanda ya zo neman aure ko dai a miƙa masa tawul mai ado alamar an amince, ko a ɗora masa kabewa alamar an ƙi, ya bi titi da ita ana leƙensa ta taga. An ce zamani ya kashe al'adar. Ba a dai sanar da Odarka ba.

"Saboda salak, Mama? Faranti ɗaya?"

"Saboda gonar babanki! Ranar addu'ar marigayi na zuba wa yaron nan bitrut ɗin gonarmu, jar saiwar nan, ya ture, wai warin ƙasa yake yi. Warin ƙasa! A kan katifa yake so ya tsiro?"

"A gidan marayu Ostap ya tashi... kullum shi ake dafa musu, ba gishiri ba mai."

"To zaɓi. Ko ki ba shi kabewa, ko ki bi shi ki bar ni da gonata."

Yaryna kaɗai ta rage wa matar nan, kuma matar nan ta san haka sarai.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ostap ya shigo cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, rungume da kwano a rufe. Babu dangi a bayansa. Ba shi da su.

"Barka da rana, Mama."

"Ban haife ka ba. Masu neman aure burodi suke kawowa. Wannan fa?"

Ya buɗe. Salak ne irin na kowane gida: dankali, karas, albasa, kokwamba mai tsami da bitrut. Sai dai komai ya rine ja wur, kamar a ciki aka yanka kaza.

Yaryna ta runtse ido. Shi ke nan, rabin raina, ka kashe mu...

Amma Odarka hannayensa take kallo. Yatsun jajaye ne har ƙarƙashin farce, ga sawun wuƙa sabo da tsoho. Ba jan yini ɗaya ba ne.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ɓata miki rai. Da farko amai nake yi. Daga baya na daina. Makon jiya har ƙari na yi."

"Ƙarya!"

Ya ɗauki cokali ya ci. Ya sake ci. Odarka ta kafe maƙogwaronsa da ido kamar ma'aikaciyar kwastan.

"Har yanzu warin ƙasa yake yi," in ji shi.

Yaryna ta kalli kabewar.

"Amma yanzu na san ƙasar wa ce. Bitrut ɗin naki ne. Maƙwabciyata nake aikawa rumfarki ta kasuwa."

Odarka ta fizge cokalin, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wane jahili ne ya koya maka? Bitrut shi kaɗai ake fara shafe shi da mai, kafin a haɗa, don kada ya rine sauran! Uwar kowa tana koya..."

Ta tsaya.

"Ba wanda ya koya min," ya ce a hankali.

Odarka ta juya ga taga, ta daɗe tana duba labulen da ba abin da ya same shi.

"Yaryna, ɗauko kabewar nan."

"Mama, don Allah...!"

"Ɗauko na ce!"

Ta ɗauko, hawaye na zuba. "Ga ta. Amma ba zan miƙa masa ba, Mama. Ko za ki kore ni, ba zan..."

"Wa ya ce ki miƙa masa?"

Odarka ta karɓe, ta dire a kan tebur, ta luma mata wuƙa.

"Fatenta za mu sha gobe. Kai kuma, ɗana, cire kwat ɗin aron nan ka biyo ni kicin. Ba zan ba da 'yata ga mai wulaƙanta dankali ba."