Kan Bunsuru

Da yamma liƙis ta ɗauki fulas ɗin shayi ta nufi tsohon sito, inda mijinta da abokansa ke gwajin wasan barkwanci. Tsohon wasa ne: aljani ya mai da magidanci bunsuru, matarsa ta tsamo shi cikin awaki don so. Mijinta ke sa kan bunsurun, na fata, mai ƙaho ɗaya a karye.

Dattijon da ke koyar da su yana da doka ɗaya. Duk wanda ya sa kan nan, sai wani ya kira ainihin sunansa kafin rana ta faɗi, sannan ya cire. Ranar dattijon na kwance ba lafiya, sauran kuma suka watse, kowa na zaton wani ya kira.

Ta tura ƙofa. Warin jiƙaƙƙen gashi ya doke ta. Yana zaune kan benci, hannu biyu riƙe da ƙaho.

"Ke ce?" Muryar ta fito a shaƙe. "Ya ƙi fita. Kira sunana."

Ta yi 'yar dariya, don mutum ne mai tsokana. Shekara biyu da aure, kunya ba ta taɓa barinta ta furta sunansa ba, shi kuwa kullum dabara yake ya ji.

"Kai dai, Maigida. Shayi zai huce."

"Don Allah, amaryata. Sunana."

Sai ta ji ƙwas, ƙwas, bayan labule. Kofato kan siminti.

Wani ya fito. Rigar mijinta, tsayinsa, har ƙahon nan karyayye. Ya zauna gefensa.

Ta buɗe baki. Kunyar nan ta riƙe ta. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka.

Sannan ta kira.

"Na'am," in ji na biyun.

Fulas ya tarwatse a ƙasa. Ta fita a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Bayan isha na biyun ya dawo gida da fuskar mijinta. Yana fita aiki, yana gaida maƙwabta. Amma bai sake tsokanarta ba, kuma in ya zauna shiru bakinsa na tuƙa, ba komai a ciki.

Kullum da magariba wani bunsuru mai karyayyen ƙaho kan tsaya a bakin ƙofa, yana kallonta. Takan durƙusa ta kira sunan nan a kunnensa, sau goma, sau ashirin.

Daga cikin ɗaki ake amsawa.