Fashin Da Aka Koma Maimaitawa

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai zai sha dalma!"

Ma'aikatan banki suka zube a kan tayil suna murmushi. Wata ma tana gyara ɗankwali don fuskarta ta fito sosai.

"Dakata, Darakta!" Manajan banki ya leƙo daga ƙarƙashin tebur. "Ni ban faɗi nawa ba."

Darakta shi ne shugaban 'yan fashin. Ya yi ƙuruciyarsa yana yagar tikiti a ƙofar silima, yana leƙen finafinan fashi da soyayya ta bakin labule, kuma iyakar karatunsa ke nan. Dabararsa ta wannan karon ita ce su zo a matsayin 'yan fim. Manaja ya buɗe musu banki ranar da ba a aiki, har ya yarda a fito da kuɗi na gaske, tunda an ce masa na jabu ƙyalli suke a kyamara. Ladansa, zai yi magana a fim.

"Faɗi, ranka ya daɗe."

"Wayyo, dukiyar jama'a," in ji Manaja, kamar mai karanta sanarwa.

"Madalla. Koma ka kwanta."

Majigi, ɗaya daga cikin 'yan fashin, na riƙe da kyamara. Birki, direbansu, yana ɗura kuɗi a jaka. Ɗan Gaye kuwa, da yake shi kaɗai ne a cikinsu fuskarsa ba ta firgita yara, an ba shi aikin shagaltar da kashiya da soyayya.

"Ki ba ni makulli, ko ki ba ni zuciyarki," ya ce, yadda aka koya masa.

"Malam, bindigarka rawa take," in ji ta. "Ka karya kuwa?"

Tunda yake fashi ba a taɓa tambayarsa haka ba.

Sai jiniya!

"Oga, akwai ƙura!" Birki ya saki jaka. "Mu ware!"

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Manaja daga ƙasa. "Surukina ne, Sufeto. Ni na gayyato shi. Fim ɗin fashi ba ɗan sanda ai miya ce ba gishiri."

Sufeto ya shigo da yaransa, kaki ya sha guga, turare na tashi.

"Ina zan tsaya? Ta hagu fuskata ta fi fita."

Darakta ya dubi Sufeto da yaransa. Sannan ya ba da umarnin da duk ɗan fashi ke mafarkinsa.

"Ku laɓe bayan motarku. In mun fito ku harba sama. Kada wanda ya motsa sai na ce a yanke."

'Yan fashin suka fito a guje da jakunkunan kuɗi. Tau! Tau! Tsuntsaye suka watse!

"Ina Ɗan Gaye?"

"Yana can yana soyayya!"

"Bar shi! Taka!"

Mota ta cilla kan titi. Kwana — gada — bayan gari! Babu mai bin su. Birki ya fara waƙa.

"Miƙo in ga abin da muka ɗauka," in ji Darakta.

Majigi ya miƙa kyamara. Murfinta na nan daram a bakinta.

"Me ke nan?"

"Oga, ai fashi muka zo."

"Juya motar nan, Birki."

"Oga, mun tsira fa! Ga kaya a but!"

"Ka ga irin kallon da yarinyar nan ta yi masa? Ka ga hasken da ya shigo ta taga? Duk a banza?" Bakin bindiga ya taɓa ƙeyar Birki. "Juya kafin rana ta kauce!"

A banki, Sufeto na nan tsugune, gwiwa ta sage, yana jiran a ce a yanke. A ciki kashiya ta zuba wa Ɗan Gaye shayi daga fulas ɗinta.

"Yaushe za su dawo da jakunkunan? Ni na buɗe ɗakin ajiya, in wani abu ya ɓata wuyana ne."

Ɗan Gaye ya dubi shayi, ya dube ta. Ya fashe da kuka, ya zayyane mata komai.

Tas! Marin har waje aka ji shi.

"Wayyo, dukiyar jama'a!" Manaja ya kurma ihu, kuma a wannan karon ya yi kyau ƙwarai.

Sufeto na cikin tambayar ta ina suka bi, sai ga motar ta tsaya a gabansa. Darakta ya fito yana tafa hannu.

"Kowa ya koma wurinsa! Za mu sake!"

Ankwa ta ce ƙaras!

"Haba Sufeto, wannan ai sai ƙarshen fim."

"Ai mun zo ƙarshen."

Manaja ya rasa aikinsa. Sufeto ya samu ƙarin girma saboda tarkon da jaridu suka ce ya ɗana da basira. Ɗan Gaye ya zama shaida, ya samu sassauci, kuma kashiya na kai masa abinci gidan yari, tana cewa ba ta yafe ba tukuna. Birki da Majigi za su yi furfura a can, kuma sun rantse ko gaisuwar Darakta ba za su ƙara amsawa ba.

A kotu aka nuna abin da kyamarar tsaron banki ta ɗauka, tun daga kwanciyar ma'aikata har tsugunon Sufeto. Jama'a suka yi ta dariya, alƙali ya ɓoye fuska a bayan hannun riga. Darakta ya juya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa fal hawaye. Ɗaki cike, kuma babu wanda ya fita.

"Kana da abin faɗa kafin in yanke hukunci?"

"Ya mai shari'a," in ji Darakta, "in za a sake nunawa, don Allah a kashe fitila."