Wanda Ke Tashi In Waya Ta Yi Kuka

"Ki mayar da yarinyar dangin ubanta, sai a yi maganar aure. Ƙanina ba asibiti zai buɗe ba!"

Mai kitso ta ajiye matsefi, ta ƙare wa yayar masoyinta kallo tun daga ɗankwali har takalmi.

"Yaya, Kurciya ba kaya ba ce da zan ajiye a tasha. Ciwon suga gare ta, ba abin kunya ba. Mu biyu ake ɗauka, ko a bar mu mu biyu!"

"Iye! Bazawara har da sharaɗi?"

"Har da sharaɗi. Ga ƙofa nan."

Yaya ta fice ta bar ta a tsaye. Wallahi tana son sa! Shi ne mai gyaran waya na ƙarshen layi. Shi ya haɗa ɗan faifan awon suga da ke manne a damtsen Kurciya da wayar yarinyar da ta uwar, ko tana makaranta su ga sugan tare. Daga baya ya roƙa aka saka tasa. Daga nan zance ya zarce.

A ranar da Yaya ta zo ta cire wayarsa daga haɗin.

Da yamma sai ga shi, ido jajir.

"Rabin raina, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Laifinka ke nan! An ce in yar da 'yata, ka yi gum."

"Yayata ce ta raine ni..."

"Ni ma rainon nake."

Ta rufe shago, ta je gida ta sha kukanta.

Ranar da abin ya faru shagon cike yake, injin busar da gashi na ta ruri. Da ta waiwaya sai ta ga wayarta ta yi ja, lambar sugan sai gangarowa take. Tun yaushe wayar take kuka?

"Innalillahi! Kurciya!"

Da takalmi ɗaya ta isa makarantar.

A barandar aji ta tarar da shi durƙushe, ya tallafe kan yarinyar yana ba ta lemo kaɗan-kaɗan.

"Haɗiye, 'yar Baba... yauwa, ƙara."

Ga Yaya a gefe, mayafi a karkace. Ashe unguwa zai kai ta a babur, wayarsa na yin ƙara ya juya da ita ba ko sallama.

Mai kitso ta zube ta rungume 'yarta. Sai da lambar ta hau ta ɗago.

"Ai na cire ka..."

"Ni na mayar da shi, Mama," Kurciya ta ce a hankali. "Ke kika ce jikina ne, in zaɓi wanda zai tashi in waya ta yi kuka. Shi yana tashi."

Hawaye suka ɓalle wa uwar.

Ya miƙe ya fuskanci yayarsa.

"Yaya, rannan na yi shiru, yau ba zan yi ba. Su biyu zan ɗauka. In babu Kurciya, babu aure."

Yaya ta dubi Kurciya. Can ta tsuguna, ta share wa yarinyar gumi da bakin mayafinta.

"Ba wanda ya gaya min haka abin yake..."

"Ba ki tambaya ba, Yaya," in ji uwar Kurciya.

Mai kitso ta share ido, ta harare shi.

"Kai kuma, ka ƙara yin shiru ka gani!"

"Na tuba, rabin raina. In na ƙara, ki cire ni."

Kurciya ta ƙanƙame wayarta a ƙirji.

"Sai in mayar da shi!"