Doka Ta Yarda, Saura Sirin

"Ina takardar?"

Sirin ce ke tambaya, tana tsaye a ƙofar garejin gyaran injin kwalekwale da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Halƙul Wadi.

Salvo bai ɗago ba. Yana ta goge hannu da tsumma, alhali ranar ko inji bai taɓa ba, kwat ce ma a jikinsa.

"Ban karɓo ba."

"An rufe ofishin ne?"

"A buɗe yake. Har layi na bi... da aka kira sunana sai na juyo."

"Ka juyo?! Salvatore, kalmar nan numfashi ɗaya ce fa!"

To, 'yan mata, a lokacin haka ƙa'idar Tunisiya take: ba a ɗaura wa Musulma aure da wanda ba Musulmi ba sai ya kawo takardar shaidar ya musulunta. Samari da yawa sukan je su biya kalmar shahada su karɓo takarda, da yamma a gan su inda aka saba ganinsu. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa. Shi kuwa Salvo Kirista ne, jikan 'yan Sisiliya ta Italiya da suka daɗe a unguwarmu, in ya buɗe baki da Larabci har zagin masunta ya fi masunta iyawa.

Sati uku Amti Habiba, ƙanwar baban Sirin, ta yi tana ɗura masa kuskus da kifi tana masa bitar shika-shikan Musulunci. Har suna ta raɗa masa, Salim. Kullum sai ta ce, "Ka dai riƙe hannun nan naka, kar ka je gaban malamai ka zana gicciye!"

Duk wannan kifi ya tafi a banza.

"Ba ka sona ke nan," in ji Sirin, hawaye na gangarowa.

Sai a nan ya dube ta.

"Raina... na taɓa ganinki kina faɗin kalmar nan ranar da aka fitar da gawar mahaifiyarki. Na ga yadda ta riƙe ki a tsaye. Ita zan je in ara kamar kwat, in mayar da yamma?"

"Kowa haka yake yi!"

"Ni ba kowa nake son in aura ba. Ke ce. Ba zan shiga gidan babanki da ƙarya a aljihu ba."

Ta juya ta tafi tana kuka, amma wallahi sau biyu ta waiwayo. Akwai waɗanda suka ƙirga.

Kafin la'asar labari ya isa kunnen Lotfi, ɗan wan babanta, wanda ya shekara huɗu yana kawo mata turare tana ba Amti. Da gudu ya je wurin Si Mongi, baban Sirin, wanda yake kira Ammi, wato baffa, a shagon gahawar tsofaffin matuƙan jirgin ruwa.

"Ammi, ka ji abin kunya? Ɗan Sisiliyar nan har ƙofa ya kai, ya ƙi kalmar shahada! Ya wulaƙanta mu!"

Si Mongi ya daɗe yana juya kofin shayinsa.

"Ya ƙi ya yi ƙarya, kake nufi."

"Ammi..."

"Yaron nan ya san nauyin kalmar fiye da wasu da aka raɗa musu ita a kunne. 'Yata dai ba zan ba shi ba. Amma kai, tashi ka ba ni iska."

Haka aka zauna shekara guda. Sirin na sayar da magani a kantin da take aiki, Salvo kullum da sabon ciwo. Yau ciwon kai, gobe tari. Mutumin da ke ɗaga inji shi kaɗai!

Sai rannan, ƙarshen zafi, rediyo ya ce an soke ƙa'idar. Ba sauran takarda. Amti Habiba ta leƙo ta taga ta rangaɗa guɗar da ta tashi tantabarun layi uku.

"An gama, hasken idona!" in ji Salvo, ya shigo kantin da furen yasmin a bayan kunne. "Shaidu biyu kawai, sai ofishin magajin gari!"

Ta yi dariya, ta yi kuka, aka sa rana.

Babanta bai ɗaga murya ba.

"Gwamnati ta buɗe ƙofarta, 'yata. Ba ta da makullin tawa. Ba zan je ba... amma bakina ba zai taɓa ki da sharri ba."

Tun daga ranar wani abu ya tsaya wa Sirin a ƙirji. Ta idar da sallah ta kasa tashi daga darduma. A da, in zuciyarta ta tambaye ta, sai ta ce ai doka ce ta hana, ta tsine wa doka ta huta. Yanzu doka ta matsa gefe. Ba wanda zai ce a'a a madadinta, ba wanda zai ce i.

Ranar ta zo. Farar riga, lalle har gwiwar hannu, Amti na fesa mata ruwan fure tana zazzaga wa mai ɗinki tsiya. Suna zaune a bencin ofis, saura aure ɗaya a kira su.

"Salvo..."

"Na'am, raina."

"Ranar da ka juyo daga layi, me ka ji?"

Ya dubi lallen hannunta.

"Na ji kamar in na shiga, wanda zai fito ba ni ba ne."

"Haka nake ji yanzu."

"Sirin..."

"Ina sonka! Allah ya sani ina sonka kamar in mutu! Amma na tambayi kaina, na sake tambaya... a abin da na yi imani da shi, auren nan bai halatta gare ni ba. Takardar nan da na matsa maka, ba don hukuma nake sonta ba. So nake in rufe wa kaina ido da ita. Ka ƙi yi mini ƙarya... ni ma ba zan yi maka ba."

Amti ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wannan wace irin zuri'a ce? Wancan ya juyo, wannan ta juyo! Kuskus na mutum tamanin fa na ɗora!"

Ba wanda ya yi dariya sai Salvo, da hawaye a fuskarsa.

"Da kin sa hannu kina jin haka, da na tsani kaina har abada."

"Ka yafe mini."

"Me zan yafe? Ai abin da ya sa na so ki ke nan."

Aka kira sunansu. Shi ya miƙe ya je ya ce wa ma'aikacin an fasa, don kar a ga fuskarta.

Ta ƙi shiga mota. Da ƙafa ta ratso unguwa cikin farar rigarta, kai a ɗage, mu kuwa duk muna tagogi, har masu ciwon ƙafa. Lotfi ya taso da sauri yana gyara gashi.

"'Yar baffa, na san za ki dawo hanya..."

"Matsa, Lotfi. Hanyar ba ta ƙofarku ta bi ba."

Si Mongi na tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi rigar, ya dubi bayanta, bai ga ango ba.

"Baba, ba don kai na fasa ba."

"Na sani, 'yata." Ya buɗe hannu ta faɗa ƙirjinsa, ta yi kukan da aka ji har bakin teku.

Da ta lafa, sai ya ɗauki hularsa.

"Ina za ka, Baba?"

"Gareji. Ke kina da uban da za ki yi kuka a jikinsa. Shi nasa ya rasu."